Kwalba Ta Bakwai

Sa'adiya ta danna maɓallin, ta sake dannawa, ta kuma sakewa. Allon kwamfutar ko gezau. Rubutun ya tsaya cak inda yake, fankar cikin na'urar kuwa sai huci take yi kamar injin markaɗe.

"Don Allah yau Juma'a ki rufa min asiri," ta ce da kwamfutar.

Ita ce mai kula da manhajar ɗakin gwajin jini na Malam Inuwa, a wani layi da ke bayan titin Zariya a Gyadi-Gyadi. Da hannunta ta rubuta manhajar, tana kuma alfahari da ita. Anti Saratu ta wajen karɓar baƙi tana shigar da sunayen mutane, Malam Inuwa yana shigar da abin da ya gani a jini, manhajar ta haɗa kowane suna da sakamakonsa ta buga takarda. Yau abin da aka sa ta ɗan kaɗan ne, ta ƙara girman tambarin da ke saman takardar. Ta rubuta layi ɗaya ba daidai ba, ta kai hannu ga maɓallin da ke mayar da rubutu baya taki ɗaya, sai komai ya sandare.

In za a faɗi gaskiya, editar, wato manhajar da take rubuta kod, umarnin kwamfuta, a cikinta, ba ta da laifi. Laifin na tarkacen da ta jibga mata ne, ƙananan manhajojin nan da ake liƙa wa edita don aiki ya yi sauri, waɗanda 'yan sana'ar ke kira ekstenshan. Sa'adiya ba ta iya ganin sabo ta kau da kai. Akwai mai ƙarasa mata layi tun ba ta gama tunaninsa ba, akwai mai shafa wa rubutu launi, akwai mai ƙirga awannin da ta yi tana aiki, har da wata mage da ke zaune a ƙasan allo ba ta tsinana komai. Guda talatin da huɗu, a kan 'yar kwamfutar gwanjo da ko rabinsu ba za ta iya ɗauka ba. Saboda buɗe editar kaɗai yakan ci minti goma sha biyar, ta daina rufe ta. Tun ranar Litinin take a buɗe.

"Sa'adiya!" Anti Saratu ta kwaɗa mata kira daga gaba. "Zo ki ga firintar nan ta sake cinye takarda, ga mutane a tsaye."

Ta ƙara danna maɓallin wajen sau ashirin a jere, don haushi kawai, sannan ta tashi. Da ta dawo ta tarar allon ya farfaɗo. Ta ce alhamdulillahi, ta gyara tambarin, ba ta ko leƙa saman fayil ɗin ba.

Sha biyu saura kwata ta jiyo hayaniya. Wani ƙaton mutum ne, Malam Audu direban tirela, yake buga teburin karɓar baƙi da tafin hannu.

"Shekarata hamsin da biyu! Ban taɓa kwana a asibiti ba, buhun siminti biyu nake ɗagawa, yau ku ce wai ni sikila ne? Wannan takardar zan kai wa dangin matar?"

Anti Saratu tana ta ba shi haƙuri. Sa'adiya kuwa ta koma gaban kwamfutarta da sauri. Ta ja fayil ɗin sama a hankali. Layuka tara da ta rubuta ranar Talata babu su.

Nan take ta gane. Duk dannawar da ta yi kwamfutar na sandare ba ta tafi a banza ba, tara ta aka yi. Da editar ta farfaɗo sai ta aiwatar da su kaf, ta yi ta komawa baya har ta shafe gyaran ranar Talata. Wani ekstenshan ɗin ya adana fayil ɗin da kansa, wani kuma ya tura shi kai tsaye kwamfutar da ke buga takardu. Duka biyun ita ta saka su, don ta huta da danna maɓalli biyu.

Kafin gyaran Talata, manhajar ba ta duba lambar kwalba, jeri kawai take bi: suna na farko da sakamako na farko, na biyu da na biyu. In komai ya cika ba matsala. Amma yau da safe ta ji Malam Inuwa yana cewa jinin kwalba ta bakwai ya daskare, ba zai gwadu ba. Ke nan daga na bakwai zuwa ƙasa, kowa sakamakon na bayansa aka ba shi. Ta ƙirga. Takarda goma sha ɗaya.

Zufa ta keto mata har cikin hijabi. Tsoro ta ji irin wanda ba ta taɓa ji ba. Abin kunya, tunanin da ya fara zuwa mata na tsira ne. Minti uku ya isa ta mayar da layukan, ta buga wa Malam Audu sabuwar takarda, a ɗora wa firinta laifi. Ba mai iya karanta kod a gidan nan sai ita. Har ta ɗora hannu a kan maɓallan.

Sai Yaya Hafsat ta faɗo mata a rai. Yayarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, sikila ce tun haihuwa. Shekara talatin da ɗaya, amma duk damina sai an kwantar da ita. Sa'adiya ta san yadda take cusa gefen zani a baki ta cije in ciwon ya taso, don kada Inna ta ji.

Ta miƙe, ta tura ƙofar ɗakin gwaji.

Malam Inuwa dattijo ne mai sanyin hali, kullum da farar riga da tabarau a kan karan hanci. Ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba. Sannan ya cire tabaran ya ajiye.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Injiniya, kin kashe mu." Da can tsokana ce in ya kira ta Injiniya, yau kuwa ba dariya a ciki. "In wannan ta fita, gobe hukuma za ta garƙame ƙofar nan. Shekara goma sha tara ina wannan aiki."

"Malam, ina babban littafin?"

Allah ya taimaka, Malam Inuwa bai taɓa yarda da kwamfuta ɗari bisa ɗari ba. Duk abin da ya gani a jini sai ya fara rubuta shi da biro a wani dogon littafi mai baƙin bango, Sa'adiya ta sha yi masa dariya a kan haka. Suka buɗe suna bi da yatsa. Cikin sha ɗayan, shida sun dace, abin da aka buga musu shi ne nasu. Biyar ba su dace ba. Aka ba Malam Audu sakamakonsa na gaskiya, aka sallame shi da ban haƙuri, ya fita yana ƙunƙuni. Anti Saratu ta samu uku a waya, ta ce su dawo da takardunsu.

Saura ɗaya. Habibullah Sanusi, kwalba ta goma sha biyu. Takardarsa ta ce AA. Littafi ya ce AS.

"Wayarsa a kashe take," in ji Anti Saratu, bayan ta kira sau biyar.

Sa'adiya ta zaro fom ɗinsa. Dalilin gwaji: aure. Rana: yau, bayan sallar Juma'a, a masallacin bayan kasuwar Tarauni. Sunan amarya Zahra Zakariyya. Ta mayar da ido kan littafin, ta ga sunan a kwalba ta biyu, can sama inda kuskuren bai kai ba. AS. Ba sai an yi wa kowa bayani a ɗakin ba. In AS ya auri AS, kowane ciki ana iya haifar mai irin ciwon Yaya Hafsat.

Agogon bango ya nuna ɗaya saura minti goma.

"A kira amaryar mana," in ji Anti Saratu.

"Ba a gaya wa kowa jinin wani," Malam Inuwa ya faɗa a hankali. "Sirrinsa ne. Shi za a gaya wa."

"To Malam, tashi mu je. Kai ne za ka iya shiga cikin maza."

Bai tashi ba. Ya zuba wa littafin ido, hannunsa yana rawa a kan tebur. "Mu ɗan jira, wataƙila wayar ta shiga," ya ce. Sa'adiya ta dube shi ta ga shi ma ya sandare, kuma ba ta ga laifinsa ba. Ta jawo farar takarda mai tambarin gidan, ta ajiye a gabansa, ta sa masa biro a hannu.

"Rubuta min da hannunka, ka buga hatimi. Ni zan je."

Ya rubuta. Da zai miƙa mata ya riƙe gefen takardar. "Kin san abin da za ki je yi? Auren mutane za ki tsayar, an riga an girka abinci. Za su iya taɓa lafiyarki."

"Na sani, Malam."

Wanda ya san Kano ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya ya san ba a neman abin hawa. 'Yan adaidaita sun jera kekunansu a inuwa sun tafi alwala. Da ƙyar ta samu guda, shi ma bai yi nisa ba ya tarar an tare titi da sahun masallata, tabarmi da darduma har bakin kwalta. Ya ce nan ne iyakarsa. Ta sauka ta kama lunguna da ƙafa, tana haɗawa da gudu, takardar na cikin jaka ta matse ta a hammata. Duk lasifikar da ta ji ta yi kabbara sai ta ƙara sauri.

Ta isa bayan kasuwar Tarauni daidai lokacin da liman ya yi sallama. Jama'a suka fara watsewa, wasu kuma suka matsa gaba cikin manyan riguna, 'yan ɗaurin aure ke nan. Nan ta tsaya turus. Ko mace ɗaya babu a filin. Tun daga Gyadi-Gyadi take gudu, amma wannan taku ashirin ɗin ba nata ba ne.

A gindin wata bishiyar darbejiya wani tsoho yana kwance ledar da ya rufe hulunansa da kwalaben turare.

"Baba, sannu da rana. Don girman Allah ka taimake ni. Akwai angon da nake nema, Habibullah Sanusi."

Tsohon ya ƙare mata kallo daga sama har ƙasa. "Aure huɗu za a ɗaura yau, 'yata. Ke budurwarsa ce da ya yaudara? Don ni ba na shiga irin wannan."

"Wallahi ban taɓa ganinsa ba. Daga wajen gwajin jini nake. Magana ce ta rai."

Ya jawo takalmansa. "Kula min da kaya. Hular nan ta gefe ba ta sayarwa ba ce, tawa ce."

Ba a jima ba ya dawo da wani dogon saurayi cikin farar shadda, ƙamshinsa ya riga shi isowa. Fuskarsa cike da fara'a, irin ta wanda aka yi ta rungumewa tun safe.

"Malama, ni ake nema? Ki yi haƙuri in kira aka yi, wayar tana hannun abokaina, caji ya ƙare."

Duk jawabin da ta shirya a hanya ya gudu. Ta zaro takardar kawai ta miƙa masa. Ya karanta, murmushin bai bar fuskarsa nan take ba, sai da ya sake karantawa.

"Wannan ba tawa ba ce. Tawa ga ta nan." Ya dafa aljihun ƙirjinsa.

"Waccan kuskure ce. Sakamakon wani aka buga da sunanka. Ni na jawo, ba Malam Inuwa ba. Kwamfutata ce ta tsaya, na yi ta dannawa..." Ta sunkuyar da kai, don ita kanta ta ji yadda maganar ta yi arha a gaban wannan mutum.

Habibullah ya jingina da bishiyar. Da ya fara magana muryarsa ƙasa-ƙasa take.

"Wuri biyu muka je a satin nan, duka suka ce AS. Mahaifinta ya ce a gwada na uku, in ya fito haka a haƙura, ko da an raba kati. Shekara huɗu muna tare, Malama. Yau da na kai takardar nan gida, mahaifiyata sujada ta yi a tsakar gida, a kan siminti. Baffan Zahra ya ce biyu sun ce kaza, ɗaya ya ce kaza, wanne za a ɗauka? Ni na ce masa ai waɗancan da hannu suke rubutawa, ku kuwa da kwamfuta kuke aiki."

Sa'adiya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Wa ya sani?" ya tambaya.

"Ni da Malam Inuwa da Anti Saratu."

"Zahra fa?"

"Ba a gaya mata ba. Jininka ne, kai ke da faɗa."

Ya ɗago ya dube ta ido cikin ido, sai ta ji tsoronsa, ba don zai doke ta ba, sai don ta san abin da zai roƙa.

"In kika juya yanzu kika tafi, shi ke nan. Ai ba kowane ɗa ne yake fitowa da shi ba. Allah ne mai tsarewa."

"Haka ne," ta ce. "Mu huɗu ne a gidanmu, guda ɗaya ce ta fito da shi. Yayata. Ba ta taɓa cewa don me aka haife ta ba. Innarmu ce take faɗa wa kanta, kullum."

Wani daga cikin abokansa ya ɗaga hannu daga nesa yana kiran, "Ango! Kai ake jira!" Habibullah ya ninke takardar biro ya sa a aljihun gefe, ta kwamfutar tana nan a ƙirjinsa. Ya gyara hula ya koma cikin taron bai waiwayo ba.

Ta tsugunna a gefen hulunan. Lasifika ta yi ƙara, aka ɗaura na farko, sanƙira ya shelanta sunaye da sadaki, aka shafa fatiha. Ta ciro wayarta. Lambar Zahra tana nan, ta kwafe ta daga fom kafin ta fito. Ta shigar da ita, babban yatsanta ya tsaya a saman koren maɓallin.

Aka ɗaura na biyu.

Yatsan har ƙaiƙayi yake yi. Dannawa ɗaya, amarya ta ji, gida ya hargitse, wani ya rugo masallaci. Amma da safe ma haka ta yi, ta ga abu ya tsaya ta kasa haƙuri ta yi ta dannawa. In kuma ta jira har aka ambaci sunansa, an gama, kira ba zai warware komai ba. Ta rasa wanne ya fi ba ta tsoro. Ta kife wayar a cinyarta, ta danne ta da hannu biyu, tana ta salati a zuci.

Aka ɗaura na uku, aka shafa fatiha. Lasifikar ta yi shiru.

Shirun ya yi tsawo. Daga inda take tana hango manyan riguna sun taru wuri ɗaya, kawuna sun haɗu, wani dattijo yana tafa hannu yana juya kai. Sai aka kashe lasifikar gaba ɗaya. Can sai ga mutum biyu sun ratso taron da buhun dabino, bakinsa a ɗinke yadda aka sayo shi, wani na biye da su da ƙullin goro ba a kwance ba.

"Ikon Allah," in ji tsohon mai huluna. "Na huɗun an fasa."

Sa'adiya ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, wani ya hau. Hawaye suka zubo mata, ba ta san na wanne ba ne.

Habibullah ne ƙarshen fitowa, shi kaɗai, abokan sun ja baya sun ba shi hanya. Ya zo har gindin bishiyar, ya zaro takardar ƙirjinsa ya miƙa mata.

"Ki mayar musu, ta wani ce."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta buɗe baki za ta ba shi haƙuri, ya girgiza kai. Ya juya zai tafi, sai kuma ya tsaya, ya dawo taki ɗaya. Idanunsa sun yi ja.

"Malama, kwamfutar nan taki. Tunda ta yi kuskure da safe, ba zai yiwu yanzu ma kuskuren ta sake yi ba?"

Da za ta iya ce masa wataƙila, da ta faɗa, don ba ta taɓa son yin ƙarya kamar yanzu ba.

"Wannan ba ta bi ta kwamfuta ba," ta ce. "Daga littafi aka kwafo, da biro. A gabana."

Ya ciro takardar daga aljihun gefe, ya buɗe, ya dubi rubutun Malam Inuwa da ya ɗan karkace saboda rawar hannu.

"Da biro," ya ce, ya gyaɗa kai.

Masu buhun dabinon sun tsaya a bakin titi suna hutawa, sun rasa abin hawa. Ya naɗe hannun babbar rigarsa a kafaɗa, ya ƙarasa wajensu ya kama musu gefe ɗaya.